Tsirkiya Huɗu

A Kasuwar Barci na same ta,
kwance cikin tulin gwanjo.
Rigar sanyi na je saye,
na dawo da ita a hammata.
Ɗan'asabe ya ce sunanta ukulele.
Na ce sake faɗa. Ya sake. Na yi dariya,
na ce wannan ai jikar garaya ce da aka haifa a ƙetare.
Rigar sanyin kuwa sai baɗi.

Talatu ta ɗago kai daga bakin murhu,
ta ce, Malam, tsufa ne ya taɓa ka ko ɗari?
Na ce duka biyun.

Daren Disamba a Kakuri tsawo gare shi.
Ana sallame isha'i kowa ya ja ƙofa,
mai shayi kaɗai ke hira da wutarsa.
Kogi ya janye jiki,
ya bar duwatsu a fili ba mayafi.
Ni ma haka aka bar ni.
Shekara ashirin da shida ina ɗaura zare a masaƙa,
har safiyar da muka tarar da kwaɗo a ƙofa,
injuna suka haɗiye harshensu.
Tun ranar yatsun nan ba su da aiki
sai jan carbi da sosa gemu.

Na gasa su a kaskon garwashi,
na shafa musu man kaɗanya,
na ce to, ga zare huɗu kacal,
ku da kuka saba da dubu.

Daren farko kare ya yi haushi.
Na biyu ma haka.
A na uku Istifanus ya leƙo ta katanga,
hular sanyi har kunne,
ya ce, wa ke yanka akuya a gidan nan ba gayyata?
Shi ke kaɗa jita a cocinsu ran Lahadi.
Ya zauna kan turmi, ya murɗa mata kunnuwa ɗaya bayan ɗaya
har ta daina gardama.
Danna nan, in ji shi, da nan.
A hankali mana, ba inji ba ce.
Muka raba shayi kofi ɗaya,
tururin bakinmu yana haɗuwa a tsakiya.

Na koyi danni uku.
Na huɗun ya ƙi ni,
ƙaramin yatsa ya ce shi ya yi ritaya.

Sati na biyar tsirkiya ta tsinke,
tas, kamar an mari yaro.
Na zaga Kasuwar Shehu Gumi, babu irinta.
Na gangara bakin kogi, ƙasan gada,
wani masunci ya yanko mini igiyar fatsa kamu biyu,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Na zauna na yi mata ƙullin masaƙa,
wanda nake yi da ido a rufe
lokacin da albashi ke zuwa ƙarshen wata.
Hannuna bai manta ba.
Na daɗe ina kallon ƙullin nan
har garwashi ya zama toka.

Muryarta ta ɗan dushe tun daga ranar,
kamar mai mura.
Na fi son ta haka.

Jiya na ga mangwaro ya yi huda,
na kwana ban nemi bargo ba.
Zafi na bakin ƙofa,
hira za ta koma waje, kan benci,
ita kuma ta koma kan ƙusa, kusa da kalanda.
Amma kafin na rataye ta
na kaɗa danni ukun nan, a jere, ba tuntuɓe,
sai na ji wata murya daga madafa tana bin su
ƙasa-ƙasa, tare da ƙarar ludayi.
Na ce, Talatu, ke ce?
Ta ce, tari nake yi.
Ci gaba.