Hancin Arzika

Azahar ta gota, rana na dukan kwano,
muna ƙarƙashin dogon yaro, bakin gudron na Konni,
ni da kile sha uku da ragowar shayi,
sai ga farar mota ta shigo tana tururi
kamar an buɗe madambaci a tsakar Tawa.

Mai ita ta diro, jaka a hammata,
Tsahara ungozoma, daga Keita ta taso.
Ta ce, "Wuta! Ku kawo ƙasa, ku kawo ruwa!"

Maigida Arzika bai tashi daga kan tayarsa ba.
Yanar ido ta cinye masa rabin duniya,
shekara huɗu bai karanta lambar mota ba.
Ya ɗaga hanci kamar raƙumin da ya ji rijiya,
ya ce, "Yaro, ɗaga kapo, ka kau da fuska.
Ba wuta ba ce. Wuta ba ta jiran kowa."

Na kai hannu ga murfin radiyata.
Sandarsa ta riga ni, ta sauka a tsintsiyar hannuna.
"Tukunyar da ke tafasa za ka leƙa?
Dubi goshin Nomau, shi ma ya taɓa gwadawa."

Muka jira. Ta duba agogo sau bakwai.

"Gaya mini, ya tashi ya ɓace,
ko yana jan ƙafa kamar baƙon da ya ga tuwo?"
Na ce fari ne fat, iska na lashe shi.
Ya ce, "Da mai ne ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi
da ka ga shuɗi-shuɗi, ya shaƙe maƙogwaro,
ya bi ka har gida, innarka ta ji shi a riga.
Waya kuma ƙaurin roba take, a cire batir, a ja da baya.
Wannan zaƙi-zaƙi gare shi, kamar alewa a kasko.
Ruwan inji ne ya sami hanyar guduwa."

Ya sa na zaro sandar mai.
"Baƙi ne, ko ya koma kunu da nono?"
Na ce baƙi. Ya shafa gemu.
"Juwan kilas na nan da ransa, Malama,
akuyarki ta tsira daga kasuwa."

Da inji ya huce muka cika ruwa, muka tayar.
Na kwanta da tsagin madubi da fitilar salula,
na bi ta baya, can inda turbo ke naɗe
kamar katantanwar da ta haɗiye maƙera.
Shiru. Gumi na shiga idona. Shiru.
Sai da allura ta hau na ga sawu,
fari kamar kanwa a jikin ƙarfe,
bisansa ƴar duriti, ba ta kai kaurin yatsa ba,
ta tsage daidai bakin maɗaurinta.
Ɗis, cuu. Ɗis, cuu.
Ɗigo guda, gajimare guda yana tasowa.

Tsahara ta duƙa ta leƙa madubin, ta yi dariya.
"Haka nawa aikin yake, Baba.
Uwa na ihu, dangi na salati a ƙofa,
ni kunnena na kan ciki
ina neman ƙaramin abin da ke bugawa."

Jikka biyu da rabi, har da kuɗin maɗauri.
Ya ce, "In kin sha doguwar hanya
kada ki kashe ta nan take,
bar ta ta maida numfashi kafin kwantawa."

Da ta tafi na koma inda motar ta tsaya,
na rufe ido, na ja iska yadda yake ja.
Ban ji komai ba sai tsiren Alkasum daga tsallaken hanya.
Na gaya masa. Ya yi tari, ya yi dariya,
ya laluba aljihu, ya miƙo mini dala ɗari.
"To hancin na aiki. Je ka sayo mana,
gobe ma rana ce ta koyarwa."