Mai Wuyan Zalɓe

Kakata Ige ba ta da littafi,
buta gare ta, an toshe da tsumma,
da toka a ciki don korar ƙwaro,
a ƙarƙashin gadonta take kwana.
Shekarar da gulbi ya haura Augie,
ya sha fadama har gindin kuka,
irin kamfani ya kwanta ya ruɓe,
nata kaɗai ya miƙe yana leƙen rana.
Mai wuyan zalɓe, haka ta raɗa mata suna.

Ni ce jikar da aka kai boko.
Yau ina Aliero, ɗaki mai sanyi,
farar riga, safar roba a hannu.
Na tsinki ganye, bai kai farce ba,
na niƙe shi kamar mai niƙan kwalli,
na ɗura ruwansa a 'yar kwalba,
aka tafi da shi nesa, na zauna jira.
Wata biyu. Sai amsa ta sauko
a daren da sola ta yi mana rowa,
sai da muka ranci fetur wurin maigadi.

Baƙaƙe huɗu ne rak a allon,
kamar mata huɗu a kan turmi guda,
wannan ta ɗaga, waccan ta sauke,
har miliyan ɗari uku da ɗoriya.
Na zuba su a rumbun da ba shi da jinka,
ba ɓera, ba gara, ba a hawansa da tsani,
inda shinkafar duniya ke ajiye asalinta.
Manhaja ta jera tamu da ta baƙi,
ta bi su da lalube kamar mai tsintar tsakuwa,
ta tsaya a wuri guda, ta shafa masa ja.
Nan wuyan yake.
Nan ne abin da Ige ta gani
da idon da bai taɓa haɗa baƙi ba.

Kawu Nomau ya biyo ran kasuwa,
da warin albasa a jikin rigarsa.
Ya ce, “Ɗiyata, mi kika ganowa?”
Na ce, “Abin da ke hana ta nutsewa.”
Ya ce, “Awo. Mu mun san ba ta nutsewa.
Akwatin ga ya san ba ta da auki?
Ya san tana zuba tun ba a kai lauje ba?
Ya san tuwonta na kwana bai saki ba?”
Na ce, “Bai sani ba.”
Ya ce, “To, hwaɗa mai.”

Na faɗa masa, da yatsa biyu.

Bana mun haɗa ta da mai cika buhu.
A da, sai ambaliya ta zo ta yi alƙalanci,
a ga wa ya gaji uwa, wa ya ɓata.
Yanzu tun tsiro na da ganye biyu
allo ke nuna mai wuya a cikin dubu.
Goma sha ɗaya muka samu.
Ban yi guɗa ba, Agusta bai zo ba tukuna,
kuma gulbi ba ya karanta allo.

Saura gurbi ɗaya a cike a takardar:
wane ne ya samar da wannan iri?
An jera mini cibiya, jami'a, kamfani.
Na tsallake su, na rubuta Ige.
Na'ura ta ce suna bai cika ba.
Na ƙara Augie. Ta nemi lambar waya.
Na sa ta Kawu, mai fasasshen gilashi,
wadda sai ya hau tudu take kamawa.

Ta karɓa. Ta ba ta lamba ɗari huɗu da tara.

Butar kuwa tana nan inda aka bar ta.
Kawu ya ce kada in taɓa masa toka,
wai rumbun da wuta ke riƙe da ƙofarsa
bai isa ya hana shi ajiye nasa ba.