Na Ƙasa Da Na Tukunya

Baba Cindo ya bar mini kwalba ɗaya,
tsohuwar kwalbar maganin tari,
bakinta toshe da tsumma.
Ba gida, ba akuya. Kwalba.
A ciki irin alayyafo ne, baƙi wuluk,
ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
ya cuɗe su da tokar murhu
kada ƙwaro ya riga shi.

Da aka ce Uwani ba ta da isasshen jini,
malamar asibiti ta ce in nemi ƙwayar alayyafo, fara,
in gasa, in niƙa, in zuba mata a kunu.
Na ce mu ganye muka sani.
Ta ce ƙwayar ma abinci ce.

A Kasuwar Rimi Ɗan'azumi ya auna mini rabin gwangwani,
kuɗin ya cinye cefanen kwana biyu.
Na ce ai ina da shi a gida, kyauta.
Ya ce, "Iri ko ƙwaya?"
Na ce duk ba alayyafo ba ne?

Ya ce, "Ta hannunki ta gama tafiyarta.
An sheƙe ta, an wanke,
ba wanda ya tambayi uwarta.
Da gwangwani ake auna ta.
Iri kuwa da murfin kwalba,
kuma sai an bincika asalinsa.
Wani ma an yi masa hodar magani,
kazar da ta tsattsaga ba ta kwana."

A cikin adaidaita na tuna lambun Kwakwaci.
Baba yana bin kwami-kwami da wuƙa,
ya yanke wannan, ya yanke wancan,
sai ya zo kan wanda ya fi kowa tsayi,
mai ganye kamar tafin hannu,
ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya wuce.
Mu yara muna gunaguni:
wanda ya fi kyau shi ne ba a ci.

Yanzu shaguna ne a wurin.
Ana sayar da tayil a kan kwamin Baba.

Rabin gwangwani kwana huɗu ya yi.
Daren na biyar na ɗora kasko,
na zare tsumman, na juye a tafina.
Warin toka. Warin hannunsa.
Kasko ya yi zafi har ya fara hayaƙi.
Kada in yi wa kaina kirari,
ba hikima ce ta hana ni ba,
na duba ne na ga
ko cokali uku ba za su cika ba.
Na sauke kaskon.

Da tsinin allura na ƙirga ashirin
a kan jiƙaƙƙen tsumma, na rufe da kwano.
Kwana uku,
goma sha ɗaya suka fito da farar wutsiya.
Tara suka yi shiru,
ba su zama iri ba, ba su zama abinci ba.

Na tsaga tsohuwar jarka biyu.
Ladiyo ta ba ni kashin awakinta,
yashi kuwa na roƙo wajen magina.
Ruwan wankin shinkafa nake ba su,
don mai garuwa ba ya bashi.

Mako huɗu, miyar Uwani ta yi kore.

Jiya na gan ta a bakin jarka,
ta kai hannu kan dogon da ke kusurwa,
wanda na ɗaura wa gefen ɗankwalina.
Na riƙe hannun.
Na ce wannan ba namu ba ne.
Ta ce, "Na wane ne?"

Na buɗe baki,
ban san sunansa ba tukuna.