Zanen Ponnammal

Kafin zakara ya gama mafarkinsa
Ponnammal ta yayyafa wa ƙofar gida ruwa,
ƙasa ta yi ajiyar zuciya, ta saki ƙamshi.
Ta durƙusa, gwiwoyinta suna gunaguni,
garin shinkafa na tsiyaya tsakanin yatsu biyu.

Ɗigo, ɗigo, har goma sha uku,
sai layi ɗaya mai ratsa tsakaninsu
kamar rafi da ke lalubar hanyar teku,
bai taɓa ko ɗaya ba, bai kuma tsinke ba.
Kolam ake ce masa a ƙasar Tamil.

Kafin hantsi tururuwa sun iso,
kowace da ɗan rabonta a ka.
Gwara ta tsince kusurwar gabas,
mai madara ya taka, keke ya ratsa,
akuyar Murugesan ta lashe saura.

Bara jikarta Thenmozhi ta zo daga Madurai
da zanen leda mai mannewa a ƙasa:
"Kaka, wannan ba ya gogewa, ki huta."
Kwana uku yana sheƙi a bakin ƙofa.
Tururuwa suka zo, suka shinshina, suka juya.

Ran na huɗu tsohuwa ta ɓamɓare shi
ta rufe tulun tsamiya da shi.
"Abin da ba mai ci," in ji ta, "ba nawa ba ne."

Yau da asuba duk layin ya yi fari fat,
maƙwabta na satar kallon hannun juna.
Thenmozhi ma ta durƙusa, layinta ya karkace.
Tururuwa ba su ce uffan ba.
Sun dai kwashe.