Kwana Tara

Kwana tara na yi a filin ƙwallon Asawase
ina zagaye duwatsun da Baba Inusa ya jera.
Ko ɗaya ban taɓa ba.
Na ce, "Baba, ai hannuna ya faɗa."
Ya ci gaba da tauna goronsa.

Ran na goma na saci makulli,
hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga,
don Lantana mai koko ta gani.

Ashe Kejetiya ba fili ba ce.
Duwatsunta tafiya suke yi,
da doya a ka, suna zagi da Tonanci.
Turoturo ta sha gabana, mai kura a bayana,
ƙafata ta manta wanne ne birki.
Mota ta yi tari, ta mutu a kan tudu,
ta soma ja da baya kamar mai jin kunya.

Wani yaro ne ya cusa dutse ƙarƙashin taya.

Baba Inusa ya iso a ƙafa,
ya saki kuloci kamar mai kwantar da jariri.
Sai da muka wuce Alabar ya ce,
"Gobe da asuba, fili."