Gangaren Garejin Baba

Lemon tsami ɗaya ya kuɓuce daga ledar Inna,
ya yi ta mirgina bai gaida kowa ba,
ya wuce ƙofar gareji, sai kwatar bakin titi.
Na ce wannan daɓe sai an gyara.

Ran Asabar na ɗauko Mati magini daga Ƙofar Marusa.
Ya zo da siririn tiyo, dogo kamar hanjin rago,
ya ɗura masa ruwa, ya ba ni baki ɗaya in riƙe a bango.
"Kar ka motsa," in ji shi,
"ido na cin hanci, ruwa ba ya ci."
Ya ja layi da gawayi.
Yatsa huɗu tsakanin ƙurya da ƙofa,
ga tudu a gefe kamar tozon sa.
Ya yi tsaki: "Wanda ya yi aikin ga, barci yake ji."
Ban ce masa ubana ne ba.

Kwana biyu guduma da kurfi suna musu.
Muka kankare baƙin man da Fijo ta ɗiga shekara talatin,
don siminti ba ya kama wurin da mai ya riga shi.
Buhu tara, yashi rabin tifa,
kwanon sarki ya cinye mini gashin tsakar kai.
Mati ya ja katako a kan ɗanyen kwaɓi,
ya durƙusa da cokalinsa yana shafa
kamar mai lallashin jariri.
Da magariba wurin ya kwanta
sumul, kamar madara a ƙwarya.

Kwana bakwai ina ba shi ruwa safe da yamma.
A na takwas na kira Inna ta gani.
Na ajiye lemon tsami a tsakiya.
Ya zauna daram.

Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ce, "Kun kashe gangaren.
Motar babanku ba ta taɓa samun batir na kirki ba.
Da gangan ya karkata ƙasar:
da asuba ya saki birki, ta gangara da kanta,
ta yi tari a bakin ƙofa, ta tashi,
don kada ya tashe ku turi cikin sanyi."

Ni da na yi zaton motoci haka suke farkawa.

An sayar da Fijon tun kafin arba'in ɗinsa.
Yanzu kekunan ɗinki uku ne a wurin,
ba wanda ke buƙatar a cusa masa kwali a ƙafa,
ƙanwata Asabe tana sa mini albarka.

Sai dai jiya an yi ruwan farko,
feshi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
ya taru a tsakiya ya tsaya,
bai san ina zai nufa ba.

Na ɗauki tsintsiya
na tura shi waje.