Tikiti Biyu

Tikiti biyu muka yanka, Sondre,
ni kaɗai na hau jirgin ruwa a Bodø.
Jakata ce ta zauna a kujerarka,
ko sau ɗaya ba ta yi mini gardama ba.

A Lofoten rana ta ƙi faɗuwa.
Na jira dare in yi kukana,
dare bai zo ba.

Tsohuwa Torunn na kwashe shanyar kifi,
ta ce in riƙe mata tsani.
Na riƙe. Ƙarni ya kama rigar sanyina,
ya kori sauran turarenka.

Makullin gidanka na baro kan tagar masauki.
Ba fushi ba ne, mantuwa ce.
Sai a hanyar komawa na tuna,
na ƙara sukari a shayina.